Yadda Ake Koya wa Yara Kwatanta Lambobin Kaso Masu Ƙasa Ɗaya

Lambar kaso ita ce lambar da ke nuna wani ɓangare na abu guda wanda aka raba daidai wa daida. Ana rubuta ta hawa biyu da ɗan layi a tsakani, kamar 3/8, a karanta ta uku bisa takwas, ko kashi uku cikin takwas. Lambar ƙasa, wato 8, ita ke faɗin gida nawa aka raba abin. Lambar sama, wato 3, ita ke faɗin gida nawa aka ɗauka. Idan lambobin kaso biyu suka yi tarayya a lambar ƙasa, kamar 3/8 da 5/8, to wadda lambarta ta sama ta fi yawa ita ce babba. Iyakar ƙa'idar ke nan, kuma duk yaron da ya iya ƙirge zai haddace ta a zama ɗaya. Inda aiki yake shi ne sa yaron ya ga dalilin da ya sa ƙa'idar ta zama gaskiya, domin wanda ya haddace ba tare da dalili ba zai ɗauke ta ya kai ta inda ba ta aiki, ya ce 5/12 ya fi 2/3 tunda biyar ta fi biyu.

Salon rubuta kaso hawa biyu ya daɗe. Masana lissafi na Indiya sun riƙa ɗora lamba a kan lamba ba tare da layi ba. Layin tsakiya ya bayyana a rubuce-rubucen Al-Hassar, malamin lissafi na Magrib a ƙarni na 12, daga nan Fibonacci ya yi amfani da shi a littafinsa na shekarar 1202, ya bazu a Turai. Abin da ya kamata yaro ya sani game da layin shi ne bai raba lambar gida biyu ba: 3/8 lamba ɗaya ce mai girma ɗaya, kamar yadda 3 take lamba ɗaya.

Dalilin ƙa'idar yana cikin lambar ƙasa. Ita ce ke yanke girman kowane yanki. Idan aka ɗauki sandar sabulu biyu masu tsawo ɗaya, aka yanka kowacce gida takwas daidai, to kowane yanki na wannan daidai yake da kowane yanki na waccan. Tunda yankunan girmansu ɗaya, babu sauran abin dubawa sai yawansu. Mai yanki biyar ya fi mai yanki uku, kamar yadda mai buhu biyar na gero ya fi mai buhu uku muddin buhunan iri ɗaya ne. Hausa tana da sunaye da ke sauƙaƙa wannan bayani: rabi, sulusi, rubu'i, humusi, sudusi, subu'i, sumuni, tusu'i da ushiri, wato daga ɗaya bisa biyu har zuwa ɗaya bisa goma. Idan malami ya karanta 5/8 da 3/8 a matsayin sumuni biyar da sumuni uku, kunnen yaro da kansa zai ji cewa sumuni shi ne abin da ake ƙirgawa, biyar da uku kuma su ne yawansa. Yana da kyau a riƙa haɗa karatun biyu a makonnin farko, a ce biyar bisa takwas, wato sumuni biyar, har yaro ya saba da jin lambar ƙasa a matsayin sunan yanki.

Yara da yawa sun zo aji da wannan sani tun daga makarantar allo, ko da ba su taɓa ganinsa a rubuce da lambobi ba. Alƙur'ani izu sittin ne, kuma a mus'hafin Warshu da aka saba karatu da shi a tsangayu kowane izu an kasa shi sumuni takwas. Sumuni biyu rubu'i ne, huɗu kuma rabin izu. Yaron da ya san cewa wanda ya ci sumuni biyar a izu ya wuce wanda ya ci uku, ya riga ya san 5/8 ya fi 3/8. Haka mai izu 35 yana gaban mai izu 20, wato 35/60 ya fi 20/60. Asara ce malami ya tsallake wannan ya fara da hotunan abincin da yaran ba su taɓa gani ba.

Darasin farko da hannu ake yinsa, ba da alli ba. Kayan aikin da ya fi dacewa shi ne tsiri-tsirin takarda, kuma tsohon littafin rubutu ya wadatar. A yanko tsiri biyu daga shafi ɗaya domin tsawonsu ya zo daidai. Yaro ya ninke kowanne biyu, baki ya haɗu da baki, ya sake ninkewa, ya kuma ninkewa karo na uku. Idan ya buɗe zai ga gida takwas. Kafin a ci gaba sai ya ƙirga gidajen, ya ɗora tsirin ɗaya a kan ɗaya ya tabbatar layukan ninki sun hau juna. Daga nan ya shafe gida uku da fensir a tsiri na farko, ya shafe gida biyar a na biyu. Dole shafawar ta fara daga gefe ɗaya, a ce hagu, kuma gidajen da aka shafe su kasance a jere ba tare da tsallake ba. Idan aka ajiye tsiri na biyu a ƙarƙashin na farko, bakinsu na hagu a daidaice, ido kaɗai zai nuna wanda ya fi tsawo, har ma ya nuna da nawa ya fi: gida biyu, wato 2/8.

Ana farawa da biyu, huɗu da takwas ne saboda ninki yana ba da su ba tare da awo ba. Uku da shida suna da wuyar ninkewa ga ƙaramin hannu, kuma idan gidajen suka fito ba daidai ba darasin ya lalace tun daga tushe. Don haka malami ya auna su da rula tun a gida. Tsiri mai tsawon santimita 24 yana da amfani ƙwarai, domin yana rabuwa daidai gida 2, 3, 4, 6, 8 da 12 ba tare da ragowa ba: gida uku santimita 8 kowanne, gida shida santimita 4, gida takwas santimita 3. Don biyar da goma kuma a yanki mai santimita 20. Idan aka yi waɗannan da kwali, za su yi shekara ana amfani da su.

Akwai kayan da ke jan hankali amma suna ɓata lissafi. Rake yana zuwa da gaɓoɓinsa a shirye, sai dai gaɓoɓin ba tsawonsu ɗaya ba, don haka gaɓa uku cikin takwas ba lalle ne su zama 3/8 na sandar ba. Haka karan dawa. Za a iya amfani da su ta wata hanya mai kyau: a nuna wa yara sandar rake a tambaye su ko wannan rabo ne na adalci, su da kansu za su ce a'a. Da'ira ma, irin zanen kankana ko lemo, tana da wuyar rabawa daidai a kan allo, musamman gida biyar ko bakwai. Zane mai kusurwa huɗu, dogo kamar tsirin takarda, ya fi sauƙi ga malami da yaro, a allo ko a ƙasa da tsinke.

Bayan hannu sai baki. Kafin yaro ya rubuta wata alama, ya faɗi abin da ya gani da cikakkiyar jimla: sumuni biyar ya fi sumuni uku, domin yankunan girmansu ɗaya, kuma biyar ta fi uku. Wannan rabin jimlar na biyu, wanda ya fara da "domin", shi ne darasin. Malami ya nace a kansa a kowace amsa, ko da yara sun gaji da maimaitawa. Amsar da ta tsaya a "biyar ta fi uku" rabin amsa ce, kuma ita ce ke haifar da kuskuren da aka ambata a farko.

Akwai sharaɗi na biyu da ake yawan mantawa da shi: abin da aka raba dole ya zama girmansa ɗaya. A ɗauki tsiri mai santimita 24 da wani mai santimita 48, a raba kowanne gida takwas. Gida biyar na gajeren santimita 15 ne, gida uku na dogon kuma santimita 18. Ga shi 3/8 na wannan ya fi 5/8 na wancan tsawo. Wannan bai karya ƙa'idar ba, domin sumunin dogon tsiri ba ɗaya yake da sumunin gajere ba. Duk wanda ke cefane ya san rabin babban mudu ba ɗaya yake da rabin ƙarami ba. Ya kamata a nuna wa yara wannan misali sau ɗaya, a fili, bayan sun riƙe ƙa'idar, sannan a gaya musu cewa idan aka rubuta 3/8 da 5/8 kawai ba a ambaci komai ba, ana nufin abu guda ne aka raba.

Daga tsiri sai a koma tarin abubuwa, domin kaso ba na yankan abu kaɗai ba ne. A ba kowane yaro murfin kwalba goma sha biyu ko tsakuwa goma sha biyu. Ɗaya ya ware bakwai, maƙwabcinsa ya ware huɗu: 7/12 da 4/12. Kiret ɗin ƙwai yana ɗaukar talatin, don haka kiret mai ƙwai 21 ya fi mai ƙwai 17 cika, 21/30 da 17/30. Mako kwana bakwai ne. Kwana biyar na zuwa makarantar boko 5/7 ne, kwana biyun hutu 2/7. A nan ne wani kuskure ke fitowa. Yaro ya ware uku daga cikin takwas, ya ga biyar sun rage, sai ya rubuta 3/5. Ya kwatanta abin da ya ɗauka da abin da ya bari, ya manta da jimillar. Maganinsa shi ne a sa shi ya fara rubuta lambar ƙasa tun kafin ya taɓa komai: ya ƙirga duka, ya rubuta 8 a ƙasan layi, sannan ya ware, ya rubuta ta sama.

Layin lambobi shi ne mataki na gaba, kuma shi ne ke mayar da kaso ya zama lamba ta sosai a tunanin yaro. A fita waje a ja dogon layi a ƙasa, a rubuta 0 a bakin hagu, 1 a bakin dama, a raba tsakaninsu gida takwas da igiya ko sanda mai tsawo ɗaya. Yara biyu su tsaya a kan sifiri. Ɗaya ya yi taku uku, ɗayan ya yi taku biyar, kowane taku daga alama zuwa alama. Wanda ya fi nisa daga sifiri yana kan babbar lamba. Abin lura a nan shi ne taku ake ƙirgawa, ba alamomi ba. Layi mai gida takwas yana da alamomi tara idan aka haɗa da na bakin biyu, kuma yaron da ya fara ƙirge daga alamar sifiri da cewa "ɗaya" zai tsaya a kan 2/8 yana zaton yana kan 3/8. Tafiya da ƙafa tana gyara wannan fiye da kowane bayani, domin ba wanda zai ce ya yi taku ɗaya alhali bai motsa ba.

Sai yanzu alamomi za su shigo. Guda uku ne: > ya fi, < bai kai ba, = daidai yake da. Alamar daidai ta fito ne daga Robert Recorde a 1557, sauran biyun kuma sun fara bayyana a littafin Thomas Harriot da aka buga a 1631. Ana rubuta 5/8 > 3/8, ko kuma 3/8 < 5/8. Magana ɗaya ce aka faro ta daga bakin biyu. Gefen alamar da ke buɗe yana fuskantar babbar lamba, tsininta kuma yana nuna ƙaramar. Ga yaron da ke juya ta, akwai dabara mai sauƙi: ya ɗiga ɗigo biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, kusa da babbar lambar, ya ɗiga ɗigo ɗaya kusa da ƙaramar, sannan ya haɗa su da layi biyu. Alamar za ta fito daidai da kanta. Ana karanta jimlar daga hagu zuwa dama, kuma ya kamata a faɗi haka ƙarara, tunda yawancin yaran suna kuma koyon rubutun da ke farawa daga dama. Malami ya bambance tsakanin yaron da bai san wace lamba ce babba ba da wanda ya sani amma ya juya alamar. Tambaya ɗaya ta baki ta isa ta raba su, kuma gyaransu ba ɗaya ba ne.

Jera lambobi uku ko fiye ba sabon abu ba ne. Idan aka ba da 7/10, 2/10, 9/10 da 5/10, sai a jera lambobin sama: 2/10, 5/10, 7/10, 9/10.

Abin da ya fi buƙatar lokaci shi ne bakin layin biyu da abin da ke bayansu. 0/8 na nufin ba a ɗauki komai ba, sifiri ke nan. 8/8 na nufin an ɗauke duka, ɗaya ke nan cif. Yara kan yi mamakin 9/8, su ce ta yaya za a ɗauki tara daga takwas. Amsar tana kan layin ƙasa: a tsawaita shi ya wuce 1, a ci gaba da taku iri ɗaya, taku na tara zai sauka bayan 1 da sumuni guda. Da tsiri kuma sai a kawo na biyu a jona. Ƙa'idar ba ta canja ba, 11/8 ya fi 9/8, kuma dukansu sun fi 1. Idan lambar ta zo da cikakkiyar lamba a gabanta, kamar 2 da 1/8 a gefe ɗaya, 1 da 7/8 a ɗayan, to cikakkun lambobin ake fara dubawa. Biyu ta fi ɗaya, magana ta ƙare, duk da bakwai ta fi ɗaya. Mai shakka ya mayar da su sumuni: 17/8 da 15/8. Yana da amfani kuma yaro ya saba tambayar kansa ko lambar ta kai rabi. A gida takwas rabi shi ne 4/8, don haka 3/8 bai kai rabi ba, 5/8 ya wuce shi. Wannan ɗabi'a za ta yi masa aiki sosai nan gaba.

Tambayoyin labari su ne ke nuna wanda ya fahimta. Wa da ƙani an ba kowannensu kunya goma masu tsawo ɗaya su nome. Wan ya gama bakwai, ƙanen ya gama huɗu. Tambayar wa ya fi aiki tana da sauƙi. Tambayar wa ya fi sauran aiki a gabansa ita ce ke kama mai gaggawa, domin sai ya nemo 3/10 da 6/10 da kansa kafin ya kwatanta, kuma amsar ta koma kan ƙanen. A riƙa kuma ba da tambaya mai amsa fiye da ɗaya: wace lamba za a sa a sama domin kason ya fi 3/8 amma bai kai 7/8 ba? Amsoshin 4, 5 da 6 ne, kuma yaron da ya kawo duka ukun ya ga layin a zuciyarsa. A aji mai cunkoso, inda malami ba zai iya duba littafin kowa ba, a zaunar da yara biyu-biyu da katunan kwali daga 0/8 zuwa 8/8 a kife. Kowa ya buɗe ɗaya, mai babbar lamba ya kwashe biyun, amma sai ya faɗi dalili da cikakkiyar jimla. In ya kasa, katunan su koma ƙasa.

Wannan ƙaramin darasi shi ne ginshiƙin abubuwa da yawa da ke tafe. Makin jarrabawa na 17/20 da 14/20 kwatanci ne na ƙasa ɗaya. Kashi cikin ɗari ma haka yake: an zaɓi 100 ta zama lambar ƙasa ga kowa domin kwatanci ya yi sauƙi, shi ya sa ba a wahala wajen gane kashi 60 ya fi kashi 45. Kwabo 75 ya fi kwabo 50 saboda dukansu kaso ne na naira mai kwabo 100. Malaman rabon gado ma da wannan hanya suke aiki. Idan mutum ya rasu ya bar mata, uwa da 'ya mace guda, matar tana da sumuni, uwar sudusi, 'yar kuma rabi. Da yake 1/8, 1/6 da 1/2 ba su da ƙasa ɗaya, sai a nemi asalin mas'alar, wato 24, rabon ya koma 3/24, 4/24 da 12/24. Nan take a ga cewa sudusi ya fi sumuni, ko da yake takwas ta fi shida. Duk kwatancin lambobin kaso masu ƙasa dabam-dabam a ƙarshe nan yake dawowa: a mayar da su ƙasa ɗaya, sannan a dubi sama.

Kafin a bar wannan babi, malami ya gwada yara da tambaya ɗaya da ba a koya musu ba: a rubuta 3/4 da 5/8 a allo, a tambayi wanne ya fi. Ba a neman su iya warwarewa tukuna. Yaron da ya yi wuf ya ce 5/8 saboda biyar ta fi uku, lambar sama kaɗai yake kallo, kuma yana buƙatar komawa ga tsirin takarda. Wanda ya dakata ya ce yankunan ba girmansu ɗaya ba, ko ya ɗauko tsiri biyu ya ɗora ya ga rubu'i uku daidai yake da sumuni shida, shi ne ya shirya shiga kwatancin lambobin kaso masu ƙasa dabam-dabam.